Ƙamshin Wanka a Cikin Kwalba: Littafin Aikina Daga Hunturu Zuwa Bayan Sallah

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Sana'ata haɗa humra da turaren wuta ce a nan cikin birnin Katsina, kuma hancina ya saba da kaya masu nauyi irin su sandal, farce, hawi da oud ɗin da ake kawo mana daga Saudiyya da Dubai. Amma tun bara nake jin wata buƙata tana maimaituwa a bakin masu saye, musamman malaman makaranta, ma'aikatan jinya da matasa masu aikin ofis. Suna son turaren da idan mutum ya shafa, wanda ya zauna kusa da shi zai ɗauka yanzu ya fito daga wanka ya saka wankakkun kaya, ba zai ma kawo cewa turare ne ba. Wata mai juna biyu ta ce mini hayaƙin oud yana tayar mata da zuciya, alhali takan ɓare sabon sabulu ta yi ta shinshina ba ta gajiya. Wasu matan kuma dalilinsu na addini ne, domin ba sa son fita da ƙamshin da zai riga su isa wuri.

Na yanke shawarar haɗa irin wannan turare da kaina. Na mai zan yi, ba na fesawa ba, saboda da yawa daga cikin masu sayen kayana ba sa son a saka barasa a abin da za su shafa wa tufafin sallarsu. Burina ya kasance a hannu kafin Ƙaramar Sallah, wato ƙarshen watan Maris.

Laraba, 15 ga Janairu

Na tura kuɗin kaya ga wani mai sayar da sinadaran turare a Legas, bayan na duba Babbar Kasuwa da shagunan 'yan turare na Kano na tarar haɗaɗɗen mai kawai suke sayarwa, wanda ba ka san abin da ke cikinsa ba. Ga lissafin: sikeli mai auna ɗaya cikin ɗari na giram, naira 15,000, lita 2 na man sirki marar ƙamshi da ake kira DPG, naira 18,000, farin miski kala uku, naira 38,000, aldehaid kala uku, naira 21,000, sinadaran furanni da na lemu tare da haɗin furen lemu, naira 46,000, kwalabe masu duhu da bututun ɗiga, naira 9,500, kuɗin mota, naira 6,500. Jimilla naira 154,000. Man wardi da na sandal ina da su a gida.

Alhamis, 23 ga Janairu

Kaya sun iso ta Kano. Na fara da aldehaid, domin su ne aka fi dangantawa da ƙamshin sabulu, kuma wanda bai san su ba zai rantse an sayar masa da ruɓaɓɓen kaya. Ana kiransu da adadin ƙwayoyin kabon da ke jere a cikinsu. Mai lamba 10 yana da warin ɓawon lemu haɗe da maiƙo. Mai lamba 11 ya yi kama da tururin da ke tashi idan aka ɗora dutsen guga mai zafi a kan ɗanyen yadi. Mai lamba 12 kuwa warin kyandir ne da aka hure yanzu, da wani ƙarni na kitse a ƙarƙashinsa. Sai da na sirka kowanne, kashi 1 cikin 10 a man DPG, na sake sirka wani ɗan ɓangare zuwa kashi 1 cikin 100, sannan abin da ake nema ya bayyana: wani haske mai sanyi da ke buɗe hanci. Al'amarinsu irin na daddawa ne, wadda ba mai son warinta ita kaɗai, amma miya ba ta tashi sai da ita.

Akwai dalilin da ya sa mai lamba 12 ya fi tuna wa mutum sabulu. Ɗan'uwa ne ga wani maiƙo mai ƙwayoyin kabon 12 wanda shi ne kusan rabin man alayyadi da man kwakwa, kuma da waɗannan mayuka ake yin sabulun da ya fi kumfa. Turaren da ya fito da sunan aldehaid a duniya shi ne Chanel No. 5, wanda Ernest Beaux ya haɗa, ya fita kasuwa a Faransa a 1921. A lokacin ƙamshin masu hannu da shuni ne. Da masu yin sabulu suka ga ya karɓu, kuma sinadaran ba su da tsada, sai suka yi ta kwaikwayonsa a sabulun wanka, har ta kai yau idan matashi ya shinshina turaren nan yakan ce warin sabulu yake yi, alhali sabulun ne ya ari ƙamshin daga wajensa.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ban haɗa komai ba. Na yanka farin yadi ƙanana, na wanke da ruwa zalla, na shanya, domin a kan auduga zan riƙa gwaji tare da takarda. Ƙurar hunturu ta sa dole na riƙa ajiye su cikin roba mai murfi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau ranar miski ce, kuma ta zo da abin da ya sa na sake tsarin gaba ɗaya. Miski na asali, wanda ake samu daga jikin namijin wata irin barewa ta duwatsun Asiya, duhu gare shi, kuma warinsa na dabba ne kafin a sirka shi, kamar dai jibdar da iyayenmu suka sani. Farin miskin da mata ke saye da sunan miskin ɗahara ba daga barewa yake ba. Haɗin masana'anta ne. Tarihin wannan haɗi ya faro ne a 1888, lokacin da Albert Baur yake bincike a kan sinadaran fashewa ya ci karo da wani mai ƙamshin miski. Wanda ya fi yaɗuwa a yau shi ne Galaxolide, na kamfanin IFF na Amurka, wanda aka samar a 1965. Ba ya narkewa a ruwa da sauƙi, yana manne wa auduga, yana jure wanki da ɗauraya da rana, shi ya sa masu garin sabulu suka rungume shi. Duk wanda ya tashi yana saka kayan da aka wanke da garin sabulu, to da wannan miski hancinsa ya koyi abin da ake kira tsabta.

Na ɗiga Galaxolide a yadi na kai wa Gwaggo, wadda a wajenta na koyi haɗa humra, kuma ban taɓa ganin hanci irin nata ba. Ta shinshina, ta juya yadin, ta sake shinshina, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, mi kika ba ni? Ai babu komai a jikin ƙyallen nan." Na ce, "Gwaggo, ɗakin duk ya ɗauka." Ta ce ita ba ta ji ba. Da na ba ta na biyun, wato etilin birasilet, nan take ta ce ta ji wani zaƙi mai laushi kamar hoda. Maigida kuma akasin haka ne: ya ji na farko sarai, na biyun sai da ƙyar.

Wannan sananne ne a wajen masu sana'ar. Ƙwayoyin miski manya ne, suna gab da iyakar abin da hancin ɗan Adam ke iya kamawa, don haka mutane da yawa ba sa jin wani daga cikinsu ko kaɗan. Maganin shi ne a haɗa kala biyu ko uku, ta yadda wanda ya kuɓuce wa wani zai kama wani. Da niyyata Galaxolide ya zama shi ne gindin turaren kusan shi kaɗai saboda araha, amma yanzu dole na raba wurin tsakaninsa da etilin birasilet da Habanolide, wanda shi ne mafi tsada a cikinsu, kuma shi ne mai ƙamshin gogaggen yadi. Kuɗin kowace kwalba zai ƙaru ke nan.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Haɗin farko, giram 10. Miski uku a ƙasa, Hedione mai ɗan ƙamshin fure da sinadarin furen lili a tsakiya, haɗin furen lemu da aldehaid a sama, sai daihaidiromasinol kashi 8 cikin 100. Wannan na ƙarshe shi ne mai sanyin lemun tsami da ake ji a turarukan maza irin su Drakkar Noir na 1982 da Cool Water na 1988, kuma ana zuba shi sosai a kayan wanki.

Ƙanena ya shafa ya tafi masallacin Juma'a da farar shaddarsa. Da ya dawo ya ce, "Yaya, wani abokina ya tambaye ni ko mai wanki bai ɗauraye mini kaya da kyau ba." Ba wasa abokin yake yi ba, kuma ya faɗi gaskiya. A nan ne na fara ganin inda wahalar aikin take. Tsakanin ƙamshin mutumin da ya yi wanka da warin bahon wanki tazarar kaɗan ce. Abin da masu saye suke so ba sabulun kansa ba ne. Abin da ya rage a jiki da tufa bayan an ɗauraye sabulun, rana ta busar, an yi guga, shi suke nema. Garin sabulu yana da kaifi, jikin mutum kuwa yana da ɗumi, kuma haɗina na yau kaifin kawai ya kamo.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na rage daihaidiromasinol zuwa kashi 1, na ƙara wardi kaɗan da sandal kaɗan da ayonon mai ƙamshin hoda. Na haɗa giram 60, na rufe a kwalba mai duhu domin ya tsumu.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Babbar matsala. Haɗin da na rufe fari tas kamar ruwa, yau na buɗe na tarar ya koma ruwan ɗorawa, kuma ƙamshin ya yi nauyi, ya ɗauko wani zaƙi irin na alawar inabi wanda ya danne hasken aldehaid ɗin. Na ɗiga a farin yadi, da ya bushe sai ga tabo rawaya. Turaren da aka yi domin masu farar shadda da farin hijabi ba zai yiwu ya bar tabo ba, ko da kuwa ƙamshinsa ya fi na kowa.

Na fara zargin man sirkin, amma ragowar da ke jarka fari yake. Na zargi rana, alhali kwalbar ba ta fita daga durowa ba. Maigida ya kai ni wajen wani abokinsa, malamin kimiyyar sinadarai a nan gari, na jera masa abin da na zuba. Da na zo kan haɗin furen lemu sai ya tsayar da ni ya ce, "Hajiya, wannan man furen ne na asali ko haɗi?" Na ce haɗi ne, Malam, domin na asalin kuɗinsa ya fi ƙarfina. Ya ce irin wannan haɗi da wuya ya rasa wani sinadari mai suna metil antiranilet, wanda shi ne mai zaƙin inabin da na ji. Idan ya haɗu da dangin aldehaid sukan ɗaure su zama sabon abu mai launin rawaya, ruwa ya fita a tsakaninsu, kuma ɗumi yana gaggauta hakan. Sinadarin furen lilin da na zuba, mai suna haidiroksisitironelal, shi ma aldehaid ne, kuma shi ne ya fi sauran aldehaid ɗin yawa a cikin haɗin. Ya ƙara da cewa masana'antu suna haɗa waɗannan biyun da gangan su sayar, saboda ƙamshin yana daɗewa, sai dai ba a turaren fararen kaya ba.

Kwalbar haɗin furen lemun ba ta zo da jerin abin da ke cikinta ba, kuma da na kira mai kayan ya ce shi ma haka yake sarowa. Giram 60 ɗin nan, wanda na ƙiyasta kuɗinsa ya kai naira 13,000, ba zan zubar ba. Zan jiƙa itacen turaren wuta da shi, inda launi ba ya hana ciniki.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na cire haɗin furen lemu gaba ɗaya, na cike gurbinsa da wani sinadarin fure mai suna linalul da ƙarin Hedione. Hedione na kamfanin Firmenich ne na Suwizalan, kuma ya yi suna tun lokacin da Edmond Roudnitska ya saka shi a Eau Sauvage a 1966. Shi kaɗai ƙamshinsa ba ya da ƙarfi, amma yana sa haɗi ya buɗe ya sha iska. Ga ma'aunin da na tsaya a kai, cikin kashi 100: Galaxolide 30, etilin birasilet 20, Habanolide 8, Hedione 18, sinadarin furen lili 6, linalul 5, wardi 4, ayonon 3, sandal 3, sirkakken aldehaid 2, daihaidiromasinol 1. Daga nan zan sirka kashi 20 na wannan a kashi 80 na DPG.

Furen lilin da ake kwaikwayo ba a iya tatsar mai daga jikinsa, shi ya sa duk ƙamshinsa a turare da sabulu haɗi ne. Mai kayan ya yi mini tayin Lilial, wanda ya fi ƙarfi kuma ya fi araha, na ƙi, domin Tarayyar Turai ta hana saka shi a kayan shafa tun watan Maris na 2022 saboda illar da ake jin yana yi wa haihuwa. Mafi yawan masu sayen kayana mata ne, wasu ma masu juna biyu. Wanda na zaɓa shi ma yana iya sa wasu ƙaiƙayi idan ya yi yawa, dalilin da ya sa na tsayar da shi a kashi 6 ke nan.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Haɗin yana nan fari. Gwaji sai bayan tarawihi, domin da rana hanci yakan bushe.

Lahadi, 9 ga Maris

Na raba ƙananan kwalabe ga 'yan'uwa da wasu tsofaffin masu saye, kuma amsoshinsu sun fi koya mini abu fiye da duk abin da na karanta. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce shi ne turare na farko da ta shiga ɗakin marasa lafiya da shi ba wanda ya kawar da kai. Ƙanena ya ce ba a sake yi masa maganar mai wanki ba, sai dai wani ya tambaye shi wane sabulu yake wanka da shi, wanda a wajena yabo ne. Wata malama ta ce yana gudu da wuri a fata, amma a mayafi yana kwana har washegari.

Gwaggo kuwa ba ta yarda cewa wannan ne ƙamshin tsabta ba. Ta ce, "Mu a zamaninmu, mace ta yi wanka da sabulun salo, ta shafa man shanu ko alayyadi, ta turara kayanta a kan kasko, shi ke nan an san ta yi tsabta. Wannan naki warin kanti ne." Na yi ta juya maganar, na ga ba ta saɓa wa abin da na gano ba. Tsabta ita kanta ba ta da ƙamshi, ruwa ma ba shi da shi, kuma sabulun da ba a sa masa turare ba warin mai da toka yake yi. Kowane zamani yana ɗaukar ƙamshin da ya tarar a kan wankakkun kayan gidansu ya kira shi tsabta. Na Gwaggo hayaƙi ne da sandal, na 'ya'yanmu miskin garin sabulu ne. Ni da nake tsakiya, na lura ba na samun natsuwa da haɗin sai na ji sandal ɗin nan a ƙarshensa, kuma ina ganin shi ne ya ba shi ɗumin da haɗin farko ya rasa. Na ƙara shi zuwa kashi 4, na rage Galaxolide zuwa 29.

Talata, 18 ga Maris

Zafi ya shigo, rana tana kusantar digiri 40, wuta kuma ba ta tsayawa balle a dogara da firij. Aldehaid ba sa son zafi da iska, domin sukan juye su yi tsami. Na saka kwalaben cikin randa, na kewaye ta da jiƙaƙƙen yashi a ɗakin da rana ba ta bugu.

Kwalaben sayarwa masu ƙwallo a baki, na mililita 6, da na saro a Kano, wasu daga cikinsu suna yoyo idan an kwantar da su, saboda bakin robar bai kama wuyan kwalbar ba. Na cika su da ruwa na kwantar a kan takarda na kwana, na ware masu yoyon, kusan ɗaya cikin biyar. Mai shagon ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa. Asarar ta kai naira 7,000. Da na haɗa kuɗin sinadari, man sirki, kwalba, takardar suna da wannan asara, kowace kwalba ta tsaya mini a kan naira 1,150. Zan sayar naira 2,000.

Alhamis, 27 ga Maris

An cika kwalabe 100, an manna suna. Na rubuta a jikin kowacce ranar da aka haɗa, da gargaɗin a fara gwadawa a bayan hannu.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, 30 ga Maris. Kwalabe 81 sun fita, kuma abin da ban zata ba shi ne maza sun kusa kai mata yawa, galibi domin fararen kayan Idi da na kallon hawa. Kuɗin da ya shigo naira 162,000 ne, wanda ya ɗan haura abin da na kashe a sayayyar farko, amma bai rufe kuɗin kwalabe da asarar da aka yi ba. Sikeli da fiye da rabin sinadaran suna nan, don haka zagaye na biyu ne zai nuna ko akwai riba.

Ƙorafi biyu ne suka maimaitu. Na farko, rashin daɗewa a fata cikin wannan zafi. Ba zan ƙara aldehaid ba, domin su ne masu saurin tashi. Zan gwada ɗaga haɗin daga kashi 20 zuwa 25 in ga ko zai bar maiƙo a shadda, tare da rage sinadarin furen lili daidai gwargwado. Na biyu, wasu mata biyu sun ce bayan 'yan mintoci ba sa jin komai, alhali mutanen gidansu suna ji. Ina zaton matsalar miski ce irin ta Gwaggo, don haka zan nemi kala na huɗu, ambiretolaid, wanda asalinsa daga irin wani tsiro ne ɗan'uwan kuɓewa da ake nomawa a Indiya. Idan na samu irin, zan shuka kaɗan a bayan gida da damina in ga ko ƙasarmu za ta karɓe shi.

Kafin in kai kayan shaguna sai na yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, sannan na nemi lambar NAFDAC, domin turare yana cikin kayan shafa da hukumar ke sa ido a kansu. Na ware ribar turaren wutan da na jiƙa da haɗin da ya yi rawaya domin wannan, kuma ya karɓu har an fara tambayar ko akwai saura. Ranar Litinin zan tura kuɗin ambiretolaid da sababbin kwalabe, wannan karon masu murfin murɗawa.